Son aiki ma yana cin mai shi

Wani labari ya ce ma'aikacin lafiya da ke aiki don son aikin ya fi samun natsuwa a kan mai yi don albashi ko tsoron shugaba. Akwai gaskiya, amma ku zo Maradi a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa, yara bibbiyu a gado ɗaya. Ma'aikaciya mai tausayi ita ke fara karyewa: ta gama aikin dare, ta ƙi tafiya gida don wani yaro na suma, tana laluben jijiya a hannun da ya bushe, abincinta ya huce cikin kwano. Mai jiran ƙarshen wata kuwa, lokaci na cika ya saɓa jakarsa. Wani ya rubuta cewa ungozomomi ba su da imani, amma da yawansu da imanin suka shigo, gajiya ta cinye shi. Tun 2006 aka ce a Nijar maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, marasa lafiya suka ƙaru. To, masu aikin sa kai da ke shekaru ba albashi, son aikin zai ciyar da iyalansu?