Ranar Da Na Naɗa Kaina Alƙali Na Huɗu

Wallahi da na ji maganar uwargida na kwanta da wuri a daren nan da yanzu ba a kirana da wannan sunan a unguwa. Asabar ce, 18 ga Maris 2023, ranar zaɓen gwamnoni, kowa ya manna rediyo a kunne yana jiran sakamakon akwatinsu, ni kuwa hankalina yana Landan inda Kamaru Usman, ɗan asalin Najeriya, zai sake gwabzawa da Leon Edwards na Ingila karo na uku a UFC, gasar faɗan cikin keji da ta haɗa naushi da shuri da kokawa.

Dama akwai tsohon ciwo. A watan Agustan 2022 da suka haɗu a Amurka, faɗan ya faɗo daidai kiran asuba a nan wajenmu, ni kuma na raba dare ina kallo a waya data tana zuba kamar famfon da ya lalace. Kamaru ya ci turmi uku cikin huɗu, ana cikin na biyar na ce ai magana ta ƙare, na kashe waya na yi alwala na tafi masallaci. Muna fitowa na tsaya bakin ƙofa ina ba mutane labari cewa ɗanmu ya riƙe kambunsa. Ashe saura ƙasa da minti ɗaya a tashi Edwards ya ɗaga ƙafar hagu ya zabga masa a kai, Kamaru ya zube ya suma. Wani yaro ne ya miƙo min waya ba tare da ya ce komai ba. Sati biyu ina sauya hanyar zuwa kasuwa.

To shi ne wannan karon na ce ba zan ɗaga ko ƙyafta ido ba, kuma da yake a Ingila ake yi da dare ne ba da asuba ba. Na lallaɓa mai gidan kallon ƙwallo na layinmu ya kamo mana tashar, na zo da biro da wata fastar ɗan takara da na ɓamɓaro daga bango, na juya bayanta na ja layi biyu. Na sanar da jama'a cewa ni tun ina yaro nake bin kakana gidan dambe da filin kokawa bayan kaka, babu abin da Bature zai koya min a harkar duka. Sai kuma bakina, wanda shi ne babban maƙiyina a duniya, ya ƙara da cewa idan Kamaru bai karɓo kambunsa ba yau shayi da indomi da ƙwai na duk wanda ke ɗakin a wuyana. Mai shayin da ke ƙofar gidan kallon ya leƙo ya ce "Yallaɓai maimaita in ji da kunnena." Na maimaita. Mu goma sha ɗaya ne lokacin, kafin a fara turmin farko mun zama ashirin da wani abu, har da mutanen da ban taɓa ganin sun kalli ko tseren jaki ba.

Lissafina mai sauƙi ne. Naushi ya shiga, maki ɗaya. An kai mutum ƙasa, maki biyar, domin a kokawarmu kaye ɗaya ya gama magana, a dambe ma da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa sai makaɗa. Harbin ƙafa a ciki da cinya kuwa da Edwards yake ta yi ban rubuta ko ɗaya ba, na ce wannan ai shuri ne irin na jaki, ba faɗan maza ba. Duk sanda Kamaru ya matse shi jikin keji sai in ƙara masa biyu na jarumta.

A turmi na uku Kamaru ya kamo shi zai kayar, Edwards ya damƙe wayar keji da yatsu, raferi Herb Dean ya tsayar da faɗan ya cire masa maki ɗaya. Nan na hau kan benci! Na ce jama'a ku shaida, wannan jan kati ne, an gama, mai shayi kashe risho ka tafi gida. Bencin ma ƙafarsa ɗaya bulo ce aka tokare, ya juye da ni da wasu mutum uku, gwiwata ta daki siminti, amma ko a jikina saboda fastata na nuna Kamaru 61, Edwards 38.

Aka gama turmi biyar, mai sanarwar nan mai jan murya ya fara karanto takardun alƙalai. Na ji 47 da 47, na ji 48 da 46 har sau biyu, na ce kun ji ko, 48 ɗin namu ne, na buɗe hannuwa ina jiran a rungume ni. Sai gani na yi raferi ya ɗaga hannun Edwards. Ɗakin ya yi tsit na daƙiƙa kamar biyu, ba abin da kake ji sai ƙarar janareta, daga nan wani daga baya ya ce "Mai shayi, nawa da ƙwai biyu."

Na fara ihun an yi maguɗi, an murɗe, a Ingila ake yi dole su ba ɗan gida, a sake ƙirge. Da yake ranar zaɓe ce har wasu mutane suka rugo daga waje suna tambayar wace mazaɓa ce. Ɗan yayata, yaron da ni na saya masa wayar da yake kallon waɗannan abubuwa da ita, shi ya ja ni gefe ya ce "Kawu don Allah zauna ka rage murya." Ya karɓi birona ya ce ba tara duka ake yi kamar ƙwallaye a raga ba. Alƙalai uku ne, kowa na zaune a gefensa daban ba ya ganin takardar ɗan'uwansa, kuma kowane turmi na minti biyar hukuncinsa daban. Wanda ya ci turmi a ba shi 10, ɗayan 9, in an yi masa ligi-ligi sosai ne ake ba shi 8. Abin da suke fara dubawa shi ne wa ya fi yi wa wani illa, da naushi ne ko ƙafa ko gwiwa ko murɗa a ƙasa, in ka kayar da mutum ya miƙe garau ba ka yi masa komai ba to ba wani abin kirki ka tara ba. Matsa wa mutum lamba da mallake fili sai an rasa bambanci a wancan na farko ake waiwayarsu.

Na ce to makin da aka cire fa, ina ya tafi? Ya ce "Kawu ai shi ya sa ka ji 48 ba 49 ba." Alƙalai biyu sun ba Edwards turmi huɗu, 49 da 46 ke nan, a cire ɗaya. Na ukun ya ba shi turmi uku Kamaru biyu, 48 da 47, da aka cire ɗaya ya zama kunnen doki. Wato har wanda nake cewa shi kaɗai ne mai tsoron Allah a cikinsu, shi ma bai ba Kamaru ba. Na kalli fastata, shurin jakin nan da na ƙi rubutawa ashe shi ne rabin faɗan.

Kuɗin da ke aljihuna bai kai ko na ƙwai ba, sai da mai shayi ya buɗe min shafi a littafin bashi, kuma maimakon sunana ya rubuta Alƙali Na Huɗu da manyan baƙi. Na koma gida ina ɗingishi wajen ƙarfe ɗaya, uwargida ta buɗe ƙofa ta kalli gwiwar ta kalli fastar da ke hannuna ta ce "Wa ya ci zaɓen?" Na ce ba a gama tattarawa ba tukuna.