Ƙofa 554 da Cajin Yaron Alhaji

Kun dai san Alhajinmu na Kantin Kwari. Ya kafa kyamarori huɗu a shago don ya riƙa leƙen yaransa ta waya daga gida, hoto ya ƙi fitowa, aka kira ni. Na shiga rauta, na'urar da ke raba intanet a shagon, na buɗe ƙofa 554 ta bidiyo da ƙofa 8000 da manhajar wayar ke bi, na tura su ga DVR, akwatin da ke naɗar bidiyon kyamarorin, na jona kwamfutata da datar wayata don in ƙwanƙwasa daga waje. Na harba nmap, manhajar da ke duba ko ƙofa a buɗe take. Ta rubuto "filtered".

Nan fa baki ya buɗe. Na juya wa Alhaji allon na ce, "Ranka ya daɗe, da 'closed' ta ce, an amsa mana ke nan cewa ba kowa a ɗakin. Wannan kuwa sallama muka yi aka yi gum. Katangar tsaro ce ke haɗiye saƙon, ko tantama babu." Har da ɗaga yatsa. Wallahi har da yatsa. Alhaji ya gyaɗa kai ya sa a damo min fura. Mutum biyar suka bar cinikin shadda suka zagaye ni. Awa biyu ina kashe katangar ina kunnawa, na gwada ƙwanƙwasawa da wata manhajar mai suna telnet, na koma zargin kamfanin layi.

Duk wannan bidirin, dogon yaron nan mai hular sanyi a watan Afrilu yana zaune kan dilar atamfa yana cin gyaɗa. Shi ne wanda bara ya ci bashin dubu biyu a wurina, yanzu in mun haɗu sai ya fara duba sama. Sai da gumi ya jiƙa min riga sannan ya miƙe ya ce, "Injiniya, in cire cajina ne? Na ga kamar soket ɗin baƙin akwatin nan na ara tun safe."

Yadda ya ja kalmar "injiniya" ɗin ce ta fi ƙona min rai.

Ya mayar da filogi, DVR ta yi ƙara ɗit, na sake gwadawa: "open". Alhaji ya dube ni, ya dubi ƙwaryar furar da na shanye tas, bai ce uffan ba. Wani dattijo a baya ya tambaya ko katangar ta rushe ke nan.

Dubu biyun nan dai har yau shiru.