Kotun cibiyar kuɗi ta Dubai: ina ƙaramin ma'aikaci?

Na karanta wani labari da ya ce hukunce-hukuncen kotun DIFC, wato cibiyar kuɗi ta ƙasa da ƙasa ta Dubai, sun kwantar wa masu zuba jari da hankali, kuma ban musa ba. Tun 2011 kamfanonin da ke wajen cibiyar ma suna iya rubutawa a yarjejeniyarsu cewa can za a raba musu gardama. Amma marubucin ya tsallake ma'aikaci, alhali nan gizo ke saƙar. Dokar aiki ta cibiyar ta 2019 ta ba kamfani kwana 14 ya biya wanda ya sallama haƙƙinsa, in ya wuce a ci shi tarar albashin yini kan kowace ranar jinkiri. Madalla. Sai dai wata shida kacal ma'aikacin ke da shi ya kai ƙara. Ku dubi mutumin da bizarsa ke rataye da aikin, yana riƙe da takardar sallama, mai gida na neman kuɗin haya, ana ta ce masa "gobe za a biya". In ka ce ai kotun na da sashen ƙananan ƙararraki mai sauraron ƙarar da kuɗinta ya kai har dirhami 500,000, gaskiyarka, amma da Turanci ake shari'ar. Wa ke sanar da direba ko masinja wannan wa'adin kafin ya cika?