Beckenbauer ba shi ya fara ba

Sau da yawa a majalisar 'yan ƙwallo za ka ji an ce Franz Beckenbauer ne mutum na farko da ya ci Kofin Duniya yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci. Ba haka ba ne. Mario Zagallo na Brazil ya riga shi: ya ɗauki kofin yana taka leda a 1958 da 1962, sannan yana horar da 'yan wasa a 1970.

Abin da Beckenbauer ya fara shi ne cin kofin yana kyaftin, ya sake ci yana koci. Shi ya jagoranci Jamus ta Yamma a fili a 1974, suka doke Holan da ci 2-1 a wasan ƙarshe a Munich. A 1984 aka damƙa masa ƙungiyar ƙasar ba shi da ko takardar shaidar horarwa. Ajantina ta doke shi a wasan ƙarshe na 1986, ya rama a Rum a 1990 da ci 1-0.

A ganina, wannan gyara bai rage masa komai ba. Ɗan baya ne da ya lashe Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, har sau biyu, a 1972 da 1976. Ikon Allah, kwana biyu kacal ke tsakanin rasuwarsa da ta Zagallo a Janairun 2024.