Ranar da Kwastan ta kama ni da gwangwanin Milo

Shekara 27 ke nan ina Kantin Kwari, kuma kafin in samu shago sai da na yi yaron mota a hanyar Maraɗi zuwa Jibiya. Ba zan faɗi abin da muke ɗaukowa ba, tunda yanzu na je Makka sau biyu, kuma sahun gaba nake tsayawa a masallacin unguwa. Amma dai na san yadda ake kwantar da turmin atamfa a ƙarƙashin buhun albasa har ya iso Kano ko tari bai yi ba. Na kawo wannan ne don ku san ba ƙaramin mutum aka kama ba.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka Ummi muke ce mata. Da ta gama firamare, ni makarantar jeka-ka-dawo na so a sa ta, nan kusa da gida. Sai surukata ta sa baki. Ita Hajiya a Queen of Apostles ta Kakuri ta yi karatu, tun kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, a mayar da ita Queen Amina. Har yau in Hajiya ta gyara gado, kunyar kwanciya a kai za ka ji. Ta ce jikarta makarantar 'yan mata ta Katolika za ta, ta kwana, a hannun Sistoci. Na ce, "Hajiya, ina dai tsoron kada a juya mini yarinya." Ta dube ni ta ce, "Ni shekara biyar na yi a hannunsu. Tsakanina da kai wa ya fi wani nafila?" Maganar da ba a sake tayarwa ba ke nan.

Makarantar tafiyar awa uku da 'yan kai ce daga Kano. Takardar kayan da suka ba mu kamar ta lefe: akwatin ƙarfe, bokiti, fartanya, tsintsiya, gidan sauro, tocila, farar safa ƙafa shida, kowanne a rubuta suna a jiki. A bayan takardar kuma ga jerin haramtattu. Ba waya, ba indomi, ba jan baki, ba dafaffen abinci, ba nama kowane iri. Abin da aka yarda da shi garin kwaki ne, da sukari, da madara, da biskit, da Milo.

Hutun farko Ummi ta dawo wuya kamar na zalɓe. Uwarta ta ce tsayi ne take yi. Ni kuwa da na ji labarin waken ranar Talata, wanda ta ce yana zuwa da 'yan rakiyarsa suna iyo a sama, sai na kasa cin tuwona. A nan ne kuma na fara jin sunan Kwastan. Shugabar makarantar ce yaran suka laƙaba wa. Ranar komawa takan sa tebur a bakin get, ta zauna da wani siririn ƙarfen laima, tana soka shi cikin kowane ƙullin gari. An ce ta taɓa zaro waya daga cikin burodi, ta kuma fito da indomi goma daga cikin matashin kai. Ina jin haka tsohon ciwo ya motsa. Na ce a raina, mu da muka wuce kwastan na gaske masu bindiga, ta ƙarfen laima ce za ta tare mu?

Daren da za a koma makaranta, cikin Janairun 2025, na sa Maman Ummi ta yi dambun nama na ƙin ƙarawa, wanda aka soya har ya bushe ƙarau, irin mai wata uku bai canza ba. Yara na yin barci na ɗauko gwangwanin Milo babba, na kara shi a tururin tukunya har takardar bakin ta saki ba ta yage ba. Na juye rabi, na danna dambun a leda biyu can ƙasa, na rufe da Milo, na bi bakin da sufa gulu. Maman Ummi tana tsaye bakin ƙofar kicin ta harɗe hannu.

"Baban Ummi, wallahi babu ruwana."

"Ke dai ki zuba ido ki ga aikin manya."

Kuskurena ɗaya ne, kuma shi ne irin kuskuren da ko yaron mota na sati ɗaya ba zai yi ba. Na sa wasiƙa a ciki. Ummi kuwa ban gaya mata komai ba, don yarinyar ba ta iya ɓoye abu ba, ko alewa ta ɗauka sai fuskarta ta kai ƙararta. Na bar shi a kan in ta ci Milo ya yi ƙasa, za ta tarar da arzikinta.

A bakin get na ga Kwastan ido da ido. 'Yar tsohuwa ce gajeruwa, da farin lulluɓi, da tabarau mai igiya, carbinsu na rataye a ƙugu. Turanci kawai take yi, a hankali, kamar mai ƙirga kuɗi. Gwangwani biyu na kawo, ɗaya na Allah da Annabi, ɗaya mai ciki. Ta ɗaga na farko ta ajiye. Ta ɗaga na biyu, ta jijjiga, ta dube ni ta saman tabarau har sai da na ji gumi na bin bayana, sannan ta tura shi gefen waɗanda suka wuce. A hanyar dawowa tsire na saya wa direba don murna. Washegari kuwa duk layinmu a kasuwa babu wanda bai ji labari ba.

Sauran aiki shi ne sanar da Ummi. Ranar Lahadi ake ba su minti biyar a wayar matiron, ita kuma matiron a bayyane take sa muryar, tana zaune tana saƙa. Sai na koma magana a dunƙule. "Ummi, komai za ki yi a rayuwa, ki dinga tonawa har ƙasa. Albarkar abu tana ƙasa." Ta ce, "To Baba, in sha Allahu." Lahadi ta gaba na ce, "Ummi, kada ki raina gwangwani don kin ga samansa." Ta ce, "Haka ne Baba, Allah ya ba mu ikon gyarawa." Ashe duk wa'azi ta ɗauka nake yi. Har uwarta ta tambaya ko Baba ya shiga Islamiyyar dare.

Ranar Talata 4 ga Maris, huɗu ga azumi, bayan la'asar, aka kira ni daga makaranta. Shugaba tana son ganina gobe kafin sha biyun rana. Yarinya lafiyarta ƙalau, ni ake nema. Na ce wa Maman Ummi ta shirya mu tafi tare. Ta ce kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta, ta ci gaba da dama kununta.

Na sa babbar riga mai aska takwas, don a san da wa ake magana. Tun daga get na ga maigadi da wani baƙin tabo a goshi. Na yi masa nuni da yatsa ya goge, ya yi murmushi kawai. Ina shiga harabar sai ga 'yan mata suna fitowa daga wajen coci a jere, kowacce da irin wannan tabo. Gabana ya faɗi. Na tuna makarantar allo, yadda Malam kan shafa wa waɗanda suka yi laifi tawada don kada su sulale. Na ce shi ke nan, waɗanda suka ci dambuna ne aka yi wa alama. Na fara ƙirga. Ashirin, hamsin, tamanin. Inna lillahi! Gwangwani ɗaya ne fa! Da na hango har da malamai biyu da mai shara, sai na ce ko dai dambun nan albarka aka sa masa, ko kuma duk wani laifin makarantar a kaina za a juye.

Sakatariya ta nuna mini wani dogon benci a ƙofar ofis. Ban san bencin masu laifi ba ne sai da na zauna. A gefena wata 'yar aji ɗaya ce, tana ta jan majina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, kai me ka yi?"

Na ce ni baƙo ne. Ta ce ita ma haka ta ce ranar farko.

Da zama ya ishe ni, ga azumi, ga zafin Maris, sai na tuna tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na miƙe na fara faɗa. Ni ba yaro ba ne, na baro shago, na biya kuɗin makaranta tun kafin a buɗe, ba a taɓa bina ko sisi ba! Ina cikin haka ƙararrawa ta kaɗa. Nan take kowa ya sandare. Sakatariya ta miƙe ta sunkuyar da kai. Yaran da ke tsakar fili suka tsaya cak, mai shara ya tsaya da tsintsiya a hannu. Na ce a raina yawwa, yanzu suka san Bakano ya zo. Na ƙara murya, har da buga hannu a kan benci. Sai 'yar aji ɗayan nan ta ja gefen rigata ta ce, "Baba, addu'a ake yi." Ashe addu'ar tsakar rana ce da 'yan Katolika ke yi, Anjelus, wadda ake kaɗa wa ƙararrawa da shida na safe, da sha biyu, da shida na yamma. Makaranta guda tana gaban Ubangiji, ni kaɗai nake ihun kuɗin makaranta. Na koma na zauna a hankali, na naɗe hannun riga, ban ƙara ko motsi ba.

Da aka shigar da ni, abu na farko da na gani gwangwanina ne a tsakiyar tebur. Na biyu kuwa, ita ma Kwastan da tabon a goshi. Don in gyara abin da na ɓata, na zaro hankici na miƙa mata da hannu biyu, na haɗa ɗan Turancina na kasuwa na ce akwai datti a fuskarta. Ta ce in mayar da hankicina. Yau Larabar Toka ce, ranar da suke fara azuminsu na kwana 40 kafin Ista, tokar kuma ta ganyen dabino ce da aka yi bikin bara da shi aka ƙona. Na ce, "Allah Sarki, Hajiya Sista," na rasa inda zan sa hankicin.

Sai ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wata 'yar takarda da maiƙo ya huda. A nan hankalina ya ɗan kwanta, don da Hausa na rubuta, na san sai ta nemi tafinta. Ta gyara tabarau, ta karanta da wata irin Hausa tatacciya wadda ko a rediyo sai an tona:

"Ummi, ga ɗan dambu. Ki dinga ci da dare a cikin gidan sauro. Kada ki bari tsohuwar nan Kwastan ta gani. Babanki."

Ta ajiye takardar. "Alhaji, ni ce tsohuwar."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige har da hular. Na ce, "Ranki ya daɗe, ashe kina jin Hausa?" Ta ce, "Ji kuma? Ni Bazazzagiya ce gaba da baya, a ƙauyenmu aka yanke mini cibiya. Wayon Bakano kuwa tun muna goye muke kallonsa. Bawa dai bawa ne, ko ya sa aska takwas." Ka ji fa. Kamun ma a hannun abokiyar wasa.

Sannan ta warware mini yadda aka yi. Tun ranar Janairun nan ta gane, don kamfani ba ya liƙe gwangwani da sufa gulu, Milo kuma ba ya ƙanshin man gyaɗa da citta. Ta bar shi ya wuce ne ta ga ko 'yar ta gado uban. Wata biyu tana jira. Da azumi ya zo, aka ce kowace yarinya ta kawo abin da za ta iya daga akwatinta a kai gidan marayu, sai Ummi ta ɗauko gwangwanin nan ko buɗe shi ba ta yi ba, ta ce Babanta ya ce albarka tana cikinsa, gara marayu su samu.

"Kuma ka dubi ranar da ka jawo mini," in ji ta. "Yau ko ƙwayar nama ba ta halatta gare ni ba, ga Juma'o'i na tafe. Tun jiya abin nan yake kan teburina yana ƙanshi."

Aka kira Ummi. Ta shigo ta gan ni, ta ga gwangwani, ta ga wasiƙa. Ta durƙusa a gaban tebur ta ce, "Sista, don Allah ki yi haƙuri. Wallahi ba halinsa ba ne. A gida ba ya haka." Wato kalmomin da na tanada tun daga Kano don in roƙa mata, su ta kwashe ta roƙa mini. Aka ba ni farar takarda da biro na rubuta alkawarin ba zan ƙara ba. A ƙasa akwai gurbin sa hannun waliyyi. Kwastan ta miƙa wa Ummi biron.

Ina fitowa na tarar da 'yar aji ɗayan nan tana nan. Ta ce, "Baba, noma aka ba ka ko wankin banɗaki?"

Labari ya riga ni isa Kano, don direbana ba a ba shi ajiyar magana. Kafin sallah duk Kwari an koma ce mini Alhaji Milo. Surukata kuwa da ta ji, cewa ta yi Sistocin yanzu sun yi sanyi, da a zamaninsu ne sai na yanke ciyawar filin ƙwallo.

Kwana biyu bayan Ista, wadda ta faɗo 20 ga Afrilu, wayar Maman Ummi ta yi ƙara. Kwastan ce. Ta ce marayu sun samu sabon Milo, dambun kuma an raba shi a gidan Sistoci ranar biki, har Fada ya tambayi wa ya yi. Tana son a yi musu na kilo uku, za su biya. Ni na karɓi wayar don a yi ciniki da ɗan kasuwa. Minti goma muna ja, ta ƙare da rage naira dubu huɗu a kan kuɗin da na yanka, kuma kawowa a kaina.

Ranar komawa na kai shi a farin bokitin roba wanda ana hango cikinsa tun daga titi. Na ajiye a kan teburin get na ja da baya. Ta buɗe murfin, ta ɗauko ƙarfen laimarta, ta soka har ƙasa, ta juya, ta sake sokawa. Na ce, "Ranki ya daɗe, naki ne fa."

Ta ce, "Na sani. Wasiƙa nake nema."