Kafin ku buga hotonta a jikin riga

'Yan uwana matasa, musamman ku da muke zama benci ɗaya ranar Lahadi a nan Sakkwato, ina da magana da ku, kuma da kaina zan fara.

Wata uku ke nan da muka binne Kaka. Ranar jana'iza babu abin da ba mu yi ba. Mun yi anko, mun buga riguna da hotonta a ƙirji, mun raba kalanda, ni kuma na fi kowa dogon rubutu a Facebook. Da dare, bayan baƙi sun watse, wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ta kama hannuna ta ce, "'Yata, tayar mana da waƙar nan da kakarku ta shirya ta godiyar amfanin gona." Amshin kawai na iya. Baiti ko ɗaya bai zo bakina ba. Jikoki goma sha ɗaya muna tsaye da fuskarta a ƙirjinmu, aka rasa mai iyawa. Har yau in na tuna, kunya ce ke rufe ni.

Kaka ba ta san shekarar haihuwarta ba. Abin da take cewa shi ne ta isa ɗaukar ƙaramin tulu lokacin da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wato 1938. Ta ga sarautarsa ta shekara 50 har rasuwarsa a 1988, ta kuma ƙara fiye da talatin a kai. In aka karanta mata Zabura ta 90, inda aka ce kwanakin mutum saba'in ne ko tamanin in da ƙarfi, sai ta yi murmushi ta ce, "Ni yanzu gyara nika ci." A Amanawa ta girma, can ƙasar Dange-Shuni, inda mishan ta SIM ta buɗe asibitin masu cutar kuturta, domin mahaifiyarta ta yi jinya a wurin. A can ta ji bishara, a can ta koyi karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Ko da sabuwar fassara ta fito, ba ta saki tsohon nata ba. Ta ɗinka masa riga da jar fatar akuya, tana bin layi da yatsa har gefen takardun ya yi baƙi.

Amma hannunta nake so ku gani. Ban taɓa samun hannun nan a zaune ba. Tana kaɗi da mazari, tana saƙa faifai da kaba, ta rina jan da karan dafi, ta fitar da zanen da ba za ka same shi a kasuwa ba, domin daga kanta yake fitowa. A 1973, shekarar da fari ya cinye gonaki kuma aka daina fam da sule aka koma naira, gonar kakanmu ba ta ba da ko dami biyar ba. Da faifai da zare ta riƙe gidan har damina ta dawo. Mahaifiyata ta ce a lokacin Kaka kan raba dare tana saƙa a gaban aci-balbal, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa don kada yara su ji cikinta na kuka.

Daga baya ta koma bin teloli tana roƙon ƙyallayen da suke sharewa. Wasu har dariya suke mata. Ta wanke su, ta yanka, ta jera launi da launi, ta haɗa bargo. Duk wanda ya san sanyin hunturun Sakkwato a watan Janairu ya san darajar wannan. Ba ta sayar da ko ɗaya. Jaririn da aka haifa a layinmu, na Kirista ne ko na Musulmi, sai ya kwanta cikin bargon Kaka. Maƙwabciyarmu Hajiya kan aiko mata da naman layya, ita kuma ranar Kirsimeti ta aika da shinkafa da miya, shekara da shekaru ba a fasa ba. Ranar gaisuwa mata uku suka shigo riƙe da bargunan da ta ba su, ɗaya ya tsufa har ana ganin haske ta cikinsa. Nan take na tuna da Dokas a Ayyukan Manzanni sura 9, da gwaurayen da suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus tufafin da ta ɗinka. Sau nawa na ji wa'azi a kan wannan wuri, ban san a gidanmu matar take kwana ba.

Waƙoƙin ma haka suke fitowa. Tana saƙa, sai ta ɗauki aya ɗaya ta yi ta juya ta a baki har ta zauna a kan kiɗan tulu. Ranar taron mata ta koya musu. Ba ta rubuta ko ɗaya ba, domin a ganinta abin da aka zuba a kunnen jika ya fi takarda tsaro. Mu ne takardar da ta dogara da ita.

Sau da yawa takan kira ni, "Kishiyata, taho ki zamna, in gwada miki yadda aka fara gindin faifai." Ni kuwa in ce, "Kaka, bari in dawo daga koyon waƙa," ko "bari waya ta gama caji." Wayar da ke iya ɗaukar murya ta awa da awa tana hannuna kullum, ban taɓa ajiye ta a gabanta na minti goma ba. Na ɗauka tunda ta kai casa'in za ta kai ɗari.

To, ku da naku tsofaffin ke raye, me kuke jira? Na san yadda muke yi. Mu leƙa ɗaki mu ce "Kaka ina kwana," kafin ta gama amsawa mun kai ƙofar gida. Mu sayo mata lemu da maganin ciwon ƙafa, mu ga kamar mun sauke nauyi. Tsohuwa ba maganin kaɗai take bukata ba, tana son wanda zai tambaye ta, ya kuma jira amsa. Ku zauna a tabarmarta. Ku tambaye ta wa ya fara kai ta sujada, da me ta ci da 'ya'yanta a shekarar yunwa, wace aya ta riƙe ranar da ta binne ɗanta. In ta maimaita labari sau uku, ku saurara sau uku, a na ukun ne sau da yawa take faɗin abin da ta ɓoye. In hannunta ya iya wani abu, ko daddawa ce ko sabulun salo ko ɗinkin hula, ku sa naku hannun kusa da nata ku ɓata kaya har ku iya. Bulus da ya yaba bangaskiyar Timoti, sai da ya ambaci kakarsa Loyis tukuna. Ba daga nesa yaron ya ɗauke ta ba.

Samari, har da ku nake. Kada ku ce wannan aikin mata ne. Wadda take kiranka "maigidana" tana tsokanarka, ta fi kowa sanin tarihin gidanku.

A ƙarƙashin gadon Kaka mun sami kwando cike da ƙyallaye da ta riga ta yanka, da bargo guda da ta kai rabi, allurar na soke a inda ta tsaya. Na kai wa tsohuwar nan da ta nemi waƙa, ta ce za ta nuna mini ɗinkin, kuma tana tuna baiti huɗu daga cikin na godiyar. Ranar Asabar bayan koyon waƙa zan koma wurinta da bargon da wayata. Ƙanwata ta ce za ta biyo ni.