Kafar da ka huda a ganuwar wayarka

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Shekaranjiya na je unguwar PZ a Zariya a sauya mini gilashin waya. Ina zaune kan benci sai ga wani matashi, da gani ɗalibi ne daga Samaru, ya miƙa wa mai gyara iPhone ɗinsa yana rawar jiki: "Oga, an ce an gano sabuwar kafa, a fasa mini ita yau." Mai gyaran ya ce, "In an fasa me za ka yi da ita?" Ya ce manhajojin kuɗi yake so ya riƙa saukewa kyauta.

Abin da suke kira jelbirek ke nan. Kamfanin Apple ya kewaye wayarsa da katanga, ya hana a saka mata abin da bai tantance ba. Masana sai su yi ta lalube har su gano kuskure a tsarin, su bi ta nan su ɓalle makullin. Haka aka yi a 2019 da kafar da aka sa wa suna checkm8, wadda ta shafi wayoyi daga iPhone 4S har iPhone X, kuma ta gagari toshewa saboda a jikin ƙwaƙwalwar wayar take. Masu Android nasu sunan rutin.

Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ba zan ce fasa wayar da ka saya da guminka haramun ne ba. Amma mu Zazzagawa mun san amfanin ganuwa. Iyayenmu da suka gina ta sun bar ƙofofi sanannu, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da sauransu, domin a san mai shiga da mai fita. Wanda ya huda ta bayan gidansa don ya rage tafiya, kura ma ta nan za ta shigo.

Kuma ta shigo ɗin. A 2015 wata muguwar manhaja mai suna KeyRaider ta sace asusun Apple fiye da 225,000, dukkansu daga wayoyin da aka fasa. Wasu daga cikin mutanen nan kayan banza suka je nema, irin na matashin PZ. Ga kuma wani abin da ba a faɗa wa yara: mai fasasshiyar waya ba ya sabunta ta, domin galibi sabuntawa tana toshe kafar da ya bi. Sai ya zauna wata da watanni da raunin da duniya ta riga ta sani. Shi ya sa manhajojin banki da yawa suke ƙin buɗewa a irin wannan waya.

To ɗan uwa, wayar taka ce, amma abin da ke cikinta fa? Hoton matarka babu mayafi. Saƙon muryar da ƙanwarka ta turo tana kuka kan aurenta. Bashin da abokinka ya roƙa ya ce kada kowa ya ji. Waɗannan mutane ba su ba ka izinin yin caca da sirrinsu ba. Allah Ya ce a Suratul Anfal, aya ta 27, kada mu ha'inci Allah da Manzo, kada mu ha'inci amanoninmu alhali muna sane. Kai kuwa yanzu ka sani. Batun cin gumin wanda ya rubuta manhaja ba tare da biyansa ba, wannan ka tambayi malaminka, ka kuma tambayi zuciyarka.

Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne na biyu. Kafin in tashi wani ya kawo waya mai tsada, a kulle da iCloud ɗin wani, wato asusun Apple na mai ita, wai ya same ta da araha a cire masa. Wace irin araha? A garin da ake yi wa mutane ƙwacen waya, wasu har da sara, ka sayi kulalliyar waya ba kwali ba rasit, ka ce ba ka san komai ba? Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya ce halal a bayyane take, haram a bayyane take, mai faɗa wa shubuha kuma kamar makiyayi ne da ke kiwo a gefen shinge, ya kusa ya afka ciki. Masu gyara, ku ji tsoron Allah a nan. Da ɓarawo ya san ba mai buɗe masa, da wuƙarsa ta rage fita.

Mai gyaran nan, Allah Ya yi wa sana'arsa albarka, ya juya wayar ya duba, ya mayar wa mutumin ya ce, "Yallaɓai, ka zo da wanda ya sayar maka, ko ka kawo rasit." Mutumin ya karɓa yana gunaguni, ya nufi shagon gaba.